PhotoRec, manhajar da ta dawo min da hotunan biki bayan Ctrl+Z ya kasa

Kusan wata biyu kenan ina cewa zan rubuta wannan abu ban samu zama ba, sai shekaranjiya da daddare wani abokin sana'a ya kira ni muryarsa har rawa take, wai ya goge hotunan suna daga kan memori, yana tambaya ta a ina ake ganin kwandon sharar memori a kwamfuta. Nace masa babu. Yace kamar yaya babu? Nace wallahi babu, ka zare katin nan yanzu yanzu ka sa a aljihu, kar ka kuskura ka sake ɗaukar ko hoto ɗaya da shi, gobe da safe ka same ni a shago. Toh bayan na ajiye waya nace gara in zauna in rubuta, don abin da ya same shi ya taɓa samu na, kuma nasan akwai irin mu da yawa.

Ni hoto nake yi, biki da suna da walimar sauka, wani lokacin taron makaranta. Ƙanwata ce take shiga cikin gida ta ɗauki ɓangaren mata, ni kuma ina waje wajen ɗaurin aure. Ranar da abin ya faru mun gama wani biki na kwana uku, kamu da ɗaurin aure da kai amarya, duk a kan kati ɗaya mai 64GB. Na buɗe taga biyu a laftof, ɗaya ta katin ɗaya ta inda nake kwashewa, kuma duk biyun sunan foldar da ke ciki DCIM saboda sunan da kyamara take sawa kenan. Kwafin farko ya tsaya a rabi don kad-ridar ta ɗan motsa, sai nace bari in goge rabin da ya shiga in sake daga farko. Na danna Delete, ɗan akwatin tambaya ya fito, ban karanta ba na buga Enter kamar yadda hannu ya saba. Sai da na ga layin da ke nuna cikar katin ya koma fari fat sannan na gane a tagar katin nake, ba ta laftof ba.

Abu na farko da hannuna ya yi shi ne Ctrl+Z. Na danna, na sake dannawa, shiru. Na buɗe Recycle Bin, tsofaffin takardu ne kawai a ciki. Gumi ya karyo min duk da fanka na juyawa, don a ranar yayar amarya ta riga ta kira sau biyu tana cewa Malam mai hoto yaushe zamu gani.

Anan nake so in daɗe kaɗan, saboda yawancin mu mun ɗauki Ctrl+Z tamkar maganin komai, alhali ba haka aka gina shi ba. A cikin File Explorer na Windows abin da yake yi shi ne ya juya aikin ƙarshe da ka yi, in har aikin mai juyuwa ne. Ka canza wa fayil suna, ya mayar da tsohon sunan. Ka ja folda bisa kuskure ta faɗa cikin wata, ya mayar da ita gidanta. Ka goge abu daga kan had-disk ɗin kwamfutar, ya dawo da shi, amma fa dalilin da yasa ya iya shi ne ba a goge abun ba tun farko, matsar da shi kawai aka yi zuwa wata ɓoyayyiyar folda, wato kwandon sharar, aka rubuta daga ina ya fito. Kaga kenan Ctrl+Z ba dawo da gogagge yake yi ba, ɗauko ajiyayye yake yi. Duk lokacin da babu ajiya, shi ma bashi da abin yi.

Kuma wuraren da babu ajiyar suna da yawa fiye da yadda mutane suke zato. In ka riƙe Shift ka danna Delete babu kwando. Filash da memori, Windows baya buɗe musu kwando, kana gogewa sun tafi, duk da cewa had-disk na waje mai igiya shi yana samun nasa. Fayil ɗin da ya fi ƙarfin girman da aka ware wa kwandon shi ma baya shiga, tambayarka kawai za a yi a wuce da shi. Folda da ke kan wata kwamfutar ta hanyar netwok haka. Sai wanda ya fi ba ni tsoro, in ka kwafo fayil mai suna iri ɗaya da wani aka tambaye ka ko a maye gurbinsa kace eh, tsohon baya zuwa kwando, kuma Ctrl+Z ba zai dawo maka da abin da ke cikinsa ba, ɗalibai masu rubuta furojet wannan shi ke kashe su, sabon babi na huɗu su danne shi da tsoho. Sannan tunanin Ctrl+Z ɗin gajere ne, kana kashe kwamfuta ya manta komai. Shi kansa kwandon in an kunna Storage Sense, wani tsarin Windows mai rage cunkoson disk da kansa, yana iya share abin da ya wuce kwana 30 a ciki ba tare da ka sani ba. Masu Linux ma kar suce sun tsira, manajan fayil ɗinsu yana kai abu kwando kuma yana juyawa, har a kan filash yana buɗe wata ɓoyayyiyar folda ta shara, amma wanda ya buga rm, wato umarnin gogewa, a baƙin allo ba kwando ba juyawa.

Ɗan akwatin nan da ban karanta ba ashe ya faɗa min gaskiya. Kalma ɗaya ce a cikinsa da ta bambanta da na kullum, permanently, ma'ana gaba ɗaya har abada. Dan Allah duk lokacin da kuka ga wannan kalmar ku ɗaga hannu daga kan kibod tukuna.

A daren na shiga intanet a rikice na sauke wata manhaja da ta fito a sama sama, ba zan faɗi sunanta ba. Ta yi sikanin na kusan awa guda, ta jero min ƙananan hotunan amarya ina kallo da idona, ina danna maɓallin dawowa sai tace in biya da dala tukuna, kuma ba kuɗi kaɗan ba, ga katin bankina ma na naira ne. Nasan sana'arsu ce kuma kowa da inda yake cin abinci, amma ka bari mutum ya ɓata awa yana sa rai sannan ka faɗa masa farashi, wannan bai min daɗi ba ko kaɗan.

Da asuba bayan sallah na kira wani malamina da ya koya min kwamfuta shekarun baya. Nace Malam akwai matsala. Na kwashe labari na faɗa masa. Tambaya ɗaya ya min, yace tunda ka goge ka ɗora wani abu a kan katin? Nace a'a Malam. Yace ka mayar da shi cikin kyamara? Nace a'a. Yace toh ka gode wa Allah, hotunanka suna nan, ka nemo PhotoRec.

Yadda ya fahimtar da ni shi ne, ka ɗauki katin kamar kasuwa mai rumfuna da yawa, akwai littafi a ofishin kasuwa da aka rubuta wane ne ke rumfa kaza. In ka goge fayil ba a zuwa a kwashe kayan da ke rumfar, suna kawai ake sokewa a littafi a rubuta wannan rumfar babu kowa. Kayan suna ciki a kulle har ranar da sabon ɗan haya zai zo ya zubar da su ya jera nasa. Shi yasa kowane sabon hoto da ka ɗauka da katin bayan gogewa sabon ɗan haya ne, kuma baka da ikon zaɓar rumfar da zai shiga. Shi littafin iri iri ne, akwai FAT da NTFS da exFAT. A tsohon tsarin FAT ma harafin farko na sunan fayil ɗin kawai ake canzawa da wata alama, a NTFS na Windows a sa wa layinsa alamar ba a amfani da shi, katin da ya wuce 32GB kuma yawanci exFAT ne, shi ma dai soke suna ne. Ko fomat na gaggawa, wanda ake cewa Quick Format, sabon littafi kawai yake buɗewa, baya shiga rumfuna.

Toh PhotoRec shi baya ma kallon littafin. Rumfa rumfa yake bi yana leƙawa. Kowane irin fayil yana da tambarin da yake farawa da shi, hoton JPEG misali yana farawa da FF D8 FF, yana ganin wannan sai yace ga farkon hoto, ya bi shi har ƙarshe ya kwafo. Shi yasa yake aiki ko da katin ya lalace har Windows na cewa sai an yi fomat kafin a buɗe. Wani Bafaranshe ne mai suna Christophe Grenier ya rubuta shi, kuma tare yake zuwa da yayansa TestDisk a cikin zip ɗaya daga shafin cgsecurity.org. Kyauta ne gaba ɗaya, ba irin kyautar da za a ce megabait kaza ne kyauta sauran ka biya ba, lambar shirin ma a buɗe take kowa na iya dubawa. Wanda na yi aiki da shi 7.2 ne, wanda ya fito a 2024. Yana gudu a Windows da Linux da Mac, kuma duk da sunansa ba hoto kaɗai yake nema ba, ya san nau'in fayil sama da 400, takardun Word da PDF da zip da sauti da bidiyo, har da RAW, wato ɗanyen hoto na kyamara, irin CR2 na Canon da NEF na Nikon.

Ba a ɗora shi a kwamfuta ma, zip ɗin kawai zaka warware ka buɗe. Amma a kan laftof zaka warware shi fa, ba a kan katin da kake son ceto ba, na ga wanda ya yi wannan kuskuren da idona.

Maganar gaskiya ranar da na fara buɗe shi sai da gabana ya faɗi. Baƙin allo ne da fararen rubutu, ba hoto ba launi, linzami baya aiki sai kibiyoyin kibod da Enter. In baka saba ba zaka ɗauka wani abu zaka lalata. Daga baya na gano a cikin foldar akwai wani mai suna qphotorec_win, shi yana da taga da maɓallai irin na kowace manhaja, wanda bai saba da baƙin allo ba shi nake ba shawara ya buɗe. Amma ko baƙin allon tambayoyinsa basu da yawa. Zai jero maka disk ɗin da ke jikin kwamfutar ka zaɓi katin, ka lura da girmansa don kar ka zaɓi had-disk ɗinka ka kwana kana jira. Zai tambaye ka irin tsarin, in kati ne ko filash ko Windows ka zaɓi Other. Sai ya tambaya Free ko Whole, wato ya duba rumfunan da aka ce babu kowa kaɗai ko ya bi kasuwar gaba ɗaya, in gogewa kayi Free ya isa, in katin ne ya rikice sai Whole. Ƙarshe ya tambaye ka ina zai zuba abin da ya samo, ka kai shi wata folda a laftof ka danna C. Shi kansa baya rubuta komai a kan katin, karantawa kawai yake, kuma wannan shi ne abin da ya fi kwantar min da hankali, ko bai samo komai ba bai ƙara ɓata maka ba.

Shawara ɗaya da da na sani tun farko da na huta, kafin ka fara ka shiga File Opt ka cire alamar duka ka bar irin wanda kake nema kawai. Ni ban yi ba, ya kwaso min tarkace iri iri da ban san ma suna kan katin ba.

Yana cikin aiki aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuma dama ba kirki, ta mutu a tsakiya. Na ce shikenan daga farko kuma. Da na tada janareto na sake buɗewa sai ya tambaye ni ko ya ci gaba daga inda ya tsaya, wallahi wannan ƙaramin abu ya burge ni ƙwarai, don mu a nan abu ne da kullum zai iya faruwa.

Yana tafe yana ƙirga, jpg kaza an samu, lambar tana hawa. Ban iya jira ba na buɗe foldar farko tun bai gama ba, hoton da na fara buɗewa na uwar amarya ne tana riƙe da hannun 'yarta an sha lalle, cikakken hoto ba rabi ba, girmansa yadda kyamara ta ɗauka. Na kira ƙanwata nace zo ki gani, ta leƙo tace Yaya ai wannan ni na ɗauka a ɗakin Hajiya, Alhamdulillah. Hotunan kwana ukun nan da muka zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya bamu ga wanda muka tuna an ɗauka kuma babu shi ba.

Yanzu inda yake da wahala, don ba zan yabe shi in ɓoye muku ba. Tunda baya duba littafi, toh bai san suna ba kuma bai san folda ba. Komai zai zubo maka cikin foldoji masu suna recup_dir.1, recup_dir.2 haka haka, kowane fayil da suna irin f0458752.jpg, lambar wajen da ya tsinto shi kenan a kan katin. Ga mai hoto wannan da sauƙi, saboda kowane hoto yana ɗauke da rana da lokacin da aka ɗauke shi a cikinsa, sai na tara su waje ɗaya na ce Windows ya jera min su da Date taken, nan take kamu ya ware ɗaurin aure ya ware. Amma ka yi tunanin mai shagon buga takardu da ya rasa takardun Word ɗari biyar na kwastomomi, sai ya buɗe kowacce ɗaya ɗaya kafin ya san ta wane ce. Akwai kuma ƙananan hotuna masu farawa da harafin t, waɗannan 'yan samfoti ne kawai, kar ka gansu ka tsorata kace hotunan sun ƙanƙance.

Na biyu bidiyo. PhotoRec yana jin daɗin fayil ɗin da yake a jere, rumfa na bin rumfa. In fayil ya warwatse, wani yanki nan wani can, littafin ne kaɗai ya san yadda ake haɗa su, shi kuma an soke. Hoto ƙarami ne yawanci a jere yake, amma dogon bidiyo a kan katin da aka daɗe ana gogewa ana ƙarawa sau da yawa a warwatse yake. Gajerun bidiyon mu sun dawo lafiya, amma dogon na shigowar amarya wajen kamu ya dawo da girmansa amma yaƙi buɗuwa. Wannan ba laifin manhajar bane, ɗabi'ata ce ta goge hoto ɗaya ɗaya a cikin kyamara wata da watanni ba tare da na taɓa yi wa katin fomat ba bayan na kwashe aiki, duk na bar shi da ramuka.

Abin da ban sani ba a ranar, sai daga baya Malam ya nuna min, shi ne da TestDisk ya kamata in fara. A cikinsa in ka shiga Advanced akwai Undelete, shi littafin yake dubawa ya karanto sunayen da aka soke, saboda haka in gogewar sabuwa ce yana iya dawo maka da fayil da ainihin sunansa, a FAT da exFAT da NTFS. Sai in ya kasa sannan ka koma PhotoRec. Amma a yi hattara da TestDisk, shi yana da wuraren da yake rubutu a kan disk don gyaran fatishan, wato yadda aka rarraba disk ɗin, in baka san me kake yi ba kar ka taɓa komai sai Undelete ɗin. Da shi muka yi wa abokin nan nawa aiki jiya da safe, hotunan sunan suka fito da lambobinsu na kyamara.

Wani zai ce ina Recuva? Shi ma yana da kyau kuma akwai na kyauta, na kamfanin Piriform ne masu CCleaner, wanda Avast ta saya a 2017. Ya fi sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba, yana nuna suna, yana sa ɗigo kore ko ruwan lemo ko ja a gefen kowane fayil ka san wanda ke da rai da wanda an riga an danne. Wanda ya goge takarda ɗaya a filash minti biyar da suka wuce ni ma shi zan ce ya fara gwadawa. Sai dai Windows kaɗai yake yi. Microsoft ma sun fitar da nasu a 2020, Windows File Recovery, shi kuma umarni ake rubuta masa da hannu. Ni dai inda PhotoRec ya fi min su shi ne ranar da katin ya rikice gaba ɗaya, ranar da babu littafin da za a duba.

Akwai inda ko PhotoRec ko wanin sa ba abin da zasu iya, kuma gara mutum ya sani kar a ci kuɗinsa a banza. Sabbin laftof yanzu SSD ne a cikinsu a madadin tsohon had-disk mai juyawa, shi kuma yana da wani tsari da ake kira TRIM, tun Windows 7 ake amfani da shi, kana share kwandon shara Windows zai sanar da SSD ɗin cewa rumfunan nan ba kowa, shi kuma ba ya jiran sabon ɗan haya, da kansa yake sharewa. Cikin ɗan lokaci in ka leƙa sifili kawai zaka gani. Saboda haka wanda ya saba da tsohon had-disk yana cewa ai ko na goge za a dawo min da shi, zamanin ya wuce a kan SSD. Waya ma haka, cikin wayoyin Android na yanzu da iPhone a rufe yake da makulli, manhajojin nan da ke cika Play Store suna alƙawarin dawo da hotunan shekara biyu yawanci 'yan samfotin da suka rage suke tattaro maka, dishi dishi. A waya abin dogaro shi ne kwandon da ke cikin manhajar, Google Photos yana riƙe wanda aka riga aka ɗora kwana 60, wanda ba a ɗora ba kwana 30, iPhone kwana 30, Google Drive ma kwana 30. Wanda ya goge hoto a waya can ya fara dubawa tun kwanakin basu cika ba. Memorin da ke cikin waya kuwa in ba a rufe shi da makulli ba ana iya zaro shi a sa a kad-rida a gwada masa PhotoRec kamar kowane kati.

Had-disk da ke ƙara ƙas ƙas ƙas ko yake ɗaukewa yana dawowa, shi kar ma ka sa masa sikanin, kowane juyi ƙara kashe shi yake, wannan aikin masu buɗe disk ne a ɗaki na musamman.

Sai abu biyu da muke yawan gani a nan waɗanda suke kama da gogewa amma ba ita bace. Na farko ƙwayar cutar nan ta shotkot da ake kwasowa a shagunan buga takardu da kafe, ka sa filash ka ga foldojinka sun ɓace ko sun koma 'yan kibiyoyi, amma in ka duba cikar filash ɗin tana nan yadda take. Wannan ɓoye su aka yi, ba ka buƙatar PhotoRec, a goge cutar sannan a buɗe cmd, wato baƙin allon umarni na Windows, a rubuta attrib -h -r -s /s /d tare da harafin filash ɗin, sai su fito da sunayensu. Na biyu filash da memori na jabu, wanda aka rubuta 128GB a jiki alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, kwamfuta zata nuna maka tana kwafa lafiya lau amma duk abin da ya wuce ainihin girmansa ba inda ya zauna. Irin wannan ba manhajar da zata dawo da shi don ba a taɓa rubuta shi ba. Akwai ƙaramar manhaja H2testw, duk sabon kati da na saya yanzu sai ta cika shi ta karanta ta tabbatar min kafin in je aiki da shi.

Akwai wani abu kuma da ya tsaya min a rai tun ranar, har ya fi maganar hotunan da suka dawo. Cikin abin da PhotoRec ya kwaso akwai hotunan wasu bukukuwa na watannin baya da na daɗe da gogewa, har da na cikin gida da ƙanwata ta ɗauka, mata a tsakanin su ba mayafi, sun saki jiki saboda mace ce ke ɗauka. Ni a tunanina sun daɗe da tafiya. Sai na tuna sau nawa na ara wa wani kati, sau nawa na sayar da tsoho ko na bayar kyauta bayan na danna Delete kawai. Wannan amanar mutane ce, kuma duk yaron da ya iya abin da na bayyana a sama zai iya fito da su. Wanda zai rabu da kati ko filash ko tsohon had-disk ya yi masa cikakken fomat, ya cire alamar Quick Format, tun daga Windows Vista cikakken fomat yana bin ko'ina ya rubuta sifili, yana ɗaukar lokaci amma bayansa na gwada PhotoRec a kan wani tsohon katina bai samo ko hoto ɗaya ba. 'Yan uwa mata masu kai memori wajen masu tura waƙa ko masu gyaran waya, ku ma wannan ya shafe ku.

Bidiyon shigowar amarya dai bai dawo ba. Na je har gida na faɗa wa Hajiya gaskiya, nace Hajiya ku yi haƙuri kuskure daga gare ni ne, na rage musu kuɗi, ta yi shiru sannan tace ba komai Allah ya kiyaye gaba, amma na ga fuskar amaryar kuma nasan ba haka ta so ba. Daga baya wata ƙawarta ta turo wanda ta ɗauka da waya, nace ta turo a dokumen kar WhatsApp ya matse shi, da shi muka cike gurbin.

Katin nan ban sake aiki da shi ba har yau, yana cikin ambulan a durowa na rubuta kar a taɓa a jiki, ko Allah zai sa in samu wanda ya iya haɗa bidiyon. Sauran katunan kuwa, akwai ɗan maɓalli a gefen hagu na kowane SD da aka rubuta Lock, ƙaramin memori bashi da shi amma adaftarsa na da shi, shekara da shekaru ina ganin sa ban taɓa kula ba. Yanzu kafin kati ya shiga kad-rida sai na ja shi ƙasa, in kwafa waje biyu, laftof da had-disk na waje, in buɗe hotuna daga farko da tsakiya da ƙarshe in gani da idona, sannan in mayar da shi kyamara in yi masa fomat a can.